Jinin Ma'aikata a Jikin Maigida: Darasi Daga Rayuwar Enrique Shaw

Karatu kafin darasi: Luka 3:10-14, Matiyu 19:23-26, Yaƙub 5:1-6, Sirak sura 34.

Gabatarwa

 Sa'ad da aka ambaci waliyyai, abin da yakan fara zuwa wa yawancinmu a rai shi ne Fada, ko Sista, ko kuwa wani wanda ya rabar da dukan mallakarsa ya shiga gidan zuhudu. Saboda haka mai shago a kasuwa, da ɗan kwangila, da tsohon soja mai jiran fansho, da magidanci wanda kuɗin makarantar yara ya hana shi barci, sukan ɗauka cewa tsarki rabon waɗansu ne, su kuwa nasu shi ne su zo Mas ran Lahadi, su ba da baiko, su koma harkokinsu. Waɗansu ma sukan ce a zuciyarsu: kasuwa dabam, majami'a dabam.

Darasinmu na wannan wata yana kan rayuwar wani mutum wanda ya ƙaryata wannan tunani da aikinsa. Sunansa Enrique Shaw, mutumin ƙasar Ajantina ne, a Kudancin Amurka. Ya yi aikin soja, ya shugabanci babbar masana'anta, ya yi aure ya haifi 'ya'ya tara, ya kuwa rasu yana da shekara 41 kawai. Ubangijinmu ya faɗa cewa shigar mai dukiya Mulkin Sama abu ne mai wuya ƙwarai, har almajirai suka firgita. Amma a wurin nan kuma ya tabbatar musu cewa abin da ya gagari mutum bai gagari Allah ba. Bari mu ga yadda alherin Allah ya yi wannan aiki a cikin rayuwar attajiri guda.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Enrique Ernesto Shaw ran 26 ga Fabrairu 1921 a birnin Paris na ƙasar Faransa, inda iyayensa suke zaune a lokacin, ko da yake su duka biyu 'yan Ajantina ne. Gidansu gidan arziki ne ta kowane gefe. Mahaifinsa, Alejandro Shaw, mai harkar banki ne. Kakansa na wajen uwa kuma, Ernesto Tornquist, yana cikin manyan attajiran ƙasar a zamaninsa. Iyalin suka koma gida Buenos Aires yana ƙaramin yaro.

Amma dukiya ba ta hana mutuwa shiga gida. A 1925, yana ɗan shekara huɗu, mahaifiyarsa Sara ta rasu. Kafin ta cika ta roƙi mijinta ya tabbatar an yi wa 'ya'yanta tarbiyyar Katolika, shi kuma ya cika alkawari, ya sa Enrique a makarantar La Salle ta Buenos Aires, inda ya yi fice a karatu. Iyaye mata, ku lura da wannan. Wannan baiwar Allah ba ta ga girman ɗanta ba, ba ta ga aurensa ba, ba ta ga jikokinta ba, amma wasiyyar da ta bari a bakin mutuwa ita ce harsashin dukan abin da za mu karanta a nan.

Shekarun aikin soja

Yaron da ya tashi a irin wannan gida, hanyar jin daɗi a buɗe take a gabansa. Amma yana ɗan shekara 14 ya zaɓi shiga makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa da ke Río Santiago, a 1936. A can ya koyi tashi da asuba, da biyayya ga na gaba, da zama daidai da 'ya'yan talakawa a ɗaki guda da abinci guda. Ya fita hafsa, ya yi aiki a jiragen ruwa na yaƙi, har zuwa tekun kudancin ƙasar mai tsananin sanyi. Ajantina ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba sai a watanninsa na ƙarshe, a 1945, don haka filin dagar da Enrique ya sani shi ne na barikin soja, inda saurayi mai addu'a yakan zama abin dariya, inda kuma jarabar shaye-shaye da lalata take jiran matasa a kowace tashar jirgi.

A waɗannan shekaru ne bangaskiyar da ya gada ta zama tasa ta kansa. Mutum ne mai yawan karatu, kuma cikin littattafan da suka faɗo hannunsa akwai wanda ya bayyana koyarwar Ikilisiya game da aiki, da dukiya, da haƙƙin ma'aikaci. Wannan koyarwa ta kama zuciyarsa har ƙarshen ransa. Ya kuma ɗauki al'adar rubuta tunaninsa da ƙudurinsa a 'yan ƙananan littattafai na aljihu, yana bincike kansa a gaban Allah, yana rubuta halin da yake so ya gyara. Waɗannan rubuce-rubuce sun wanzu, sun kuma zama shaida babba sa'ad da Ikilisiya ta zo bincike rayuwarsa.

Bishara ba ta raina aikin soja ba. Da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai umarce su su tuɓe kaki ba. Ya gargaɗe su ne a kan ƙwace, da ƙazafi, da rashin gamsuwa da albashinsu. Hafsan Romawa na Kafarnahum ne Yesu ya yaba wa bangaskiyarsa, kuma abin da ya kawo wannan hafsa wurin Yesu shi ne damuwa da bawansa marar lafiya (Luka 7:1-10). Karniliyus, wanda Bitrus ya yi wa baftisma tare da gidansa, shi ma hafsa ne (Ayyukan Manzanni 10). Abin da soja nagari yakan koya shi ne cewa mai ba da umarni yana ɗauke da rayukan waɗanda ke ƙarƙashinsa. Wannan darasi ne Enrique ya fita da shi daga bariki, ya shiga da shi masana'anta.

Shawarar da ta juya rayuwarsa

A 1943 ya auri Cecilia Bunge. Bayan shekara biyu, a 1945, rundunar sojan ruwa ta aike shi Jami'ar Chicago a Amurka domin ya karanta ilmin yanayin sama. Amma a lokacin zuciyarsa ta riga ta karkata wani wuri. Ya ga yadda ma'aikatan masana'antu da yawa suka yi nisa da Ikilisiya, suna ganin ta 'yar gidan masu kuɗi ce, sai ya ƙudura zai bar soja ya zama lebura, ya zauna a cikinsu, ya kai musu Bishara.

Niyya ce mai kyau, amma bai yi gaban kansa ba, ya nemi shawara. Wani Fada na Chicago mai suna Reynold Hillenbrand, wanda ya daɗe yana aiki tare da ƙungiyoyin ma'aikata, ya nuna masa cewa mutum mai irin asalinsa ba zai taɓa zama lebura na gaskiya ba, gama a kowace rana yana da gidan da zai koma. Ya ce masa akwai waɗansu mutane da su ma suke bukatar Bishara, waɗanda kuwa babu mai kai musu, watau masu masana'antu da shugabannin kamfanoni, mutanen da shi Enrique ya fito daga cikinsu, ya san harshensu. Idan zuciyar maigida ɗaya ta juyo, gidaje dubu za su ji sauƙi.

Enrique ya karɓi wannan shawara, ya nemi sallama daga soja, ya shiga harkar masana'anta. 'Yan'uwa, a nan akwai abin koyi. Sau da yawa mukan yi zaton za mu fi bauta wa Allah da a ce muna wani wuri dabam, ko muna da wata sana'a dabam. Manzo Bulus ya shawarci Korantiyawa kowa ya yi zamansa da Allah a matsayin da kira ya same shi (1 Korantiyawa 7:17-24). Gonar da Allah ya ba ka ita ce wadda ƙafarka take a kai.

A cikin masana'anta

Ya kama aiki a kamfanin Rigolleau, mai yin gilashi da kwalabe, a garin Berazategui kusa da Buenos Aires. Kamfanin na dangin matarsa ne, amma ya fara da koyon aikin tukuna, har ya yi horo a kamfanin gilashi na Corning a Amurka. Ya riƙa hawa mataki mataki, har ya zama babban manaja, da ma'aikata fiye da 3,000 a ƙarƙashinsa.

Aikin gilashi aiki ne na wuta. Tanderun da ake narkar da yashi a ciki ba a kashe shi dare da rana, masu aiki a gabansa kuwa suna shan zafi da haɗari. Enrique bai zauna a ofis yana jiran rahoto ba. Yakan sa rigar aiki ya zaga cikin masana'anta, yana tsayawa wurin ma'aikata, yana kiransu da sunayensu, yana tambayar lafiyar iyalinsu, yana rubuta bukatunsu a littafinsa na aljihu don kada ya manta. Bai ɗauki ƙungiyar ƙwadago abokiyar gaba ba. Yakan zauna da shugabanninta su yi magana ido da ido. Ya kula da asusun fansho da na jinya domin ma'aikata. Duk da haka bai yi wasa da ingancin kaya ko lissafin riba ba, domin ya gane cewa kamfanin da ya durƙushe ba ya ciyar da kowa. A ganinsa gwaninta a aiki wajibi ne na addini ga shugaba, gama sakacin manaja yunwa ce a gidan lebura.

Wannan duka ba ƙirƙirarsa ba ce, koyarwar Ikilisiya ce ya ɗauka da gaske. Tun a 1891 Paparoma Leo na 13, cikin wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum, ya koyar cewa albashi bai zama na adalci don kawai ma'aikaci ya yarda da shi ba, gama mai jin yunwa zai yarda da kome; dole ne albashi ya isa mutum ya rayu da mutunci. A 1931 Paparoma Pius na 11 ya ƙara bayyana cewa albashin ya kamata ya ishi ma'aikaci da iyalinsa. Da yawa sun karanta waɗannan wasiƙu sun yaba, sun mayar da su kan kanta. Enrique ya karanta, ya tambayi kansa abin da za su ci masa a aljihu, sa'an nan ya biya.

Bai tsaya a kamfaninsa kaɗai ba. Bayan yaƙi, da bishop-bishop na Ajantina suka yi kira a aika da abinci zuwa Turai inda yunwa ta yi tsanani, yana cikin 'yan kasuwar da suka shirya wannan taimako. Daga cikin waɗannan abokan aiki ne a 1952 ya kafa ƙungiyar shugabannin kamfanoni Kirista, wadda aka sani da ACDE, ya zama shugabanta na farko. Ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen ganin an kafa dokar ba ma'aikata ƙarin kuɗi gwargwadon yawan iyalinsu, aka kuwa kafa ta a 1957. Dabarar ita ce kamfanoni su riƙa zuba kuɗi a asusu guda, daga nan a biya masu 'ya'ya, don kada wani kamfani ya guji ɗaukar magidanci saboda nauyinsa ya fi na gwauro. Yana kuma cikin waɗanda suka taimaka aka kafa Jami'ar Katolika ta Ajantina a 1958.

Bangaskiyarsa ta jawo masa wahala kuma. A 1955 rikici ya yi tsanani tsakanin gwamnatin Shugaba Juan Perón da Ikilisiya, har aka ƙone majami'u a Buenos Aires a watan Yuni na shekarar. A cikin wannan shekara aka kama Enrique tare da waɗansu shugabannin ƙungiyar Katolika, aka tsare su, daga baya aka sake su. Dukiyarsa da sunan gidansu ba su sa ya ɓoye ko wane ne shi ba.

Ranar gwaji

Kowa yana iya zama mai kirki a lokacin da kasuwa take ci. Halin maigida yakan bayyana ne ran da ciniki ya faɗi. A 1959 kayan kamfanin suka yi kwantai, kuma hanyar da kowa ya sani a irin wannan hali ita ce a rage ma'aikata. Enrique ya rubuta wa ma'aikata takarda, ya bayyana musu halin da ake ciki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya nuna cewa rashin aikin yi, kafin ya zama matsalar tattalin arziki, mugun abu ne da ke taɓa mutuncin ɗan Adam da zaman lafiyar gidansa, don haka ba za a sallami mutane ba muddin akwai wata hanya. Ya kuma nemi su ma ma'aikata su ɗauki nasu rabon nauyin, su yi aiki da gaskiya, su karɓi duk aikin da aka ba su ko da ba shi ne suka saba yi ba. Aka ba waɗanda aikinsu ya tsaya waɗansu ayyuka na gyare-gyare, har kasuwa ta farfaɗo.

Gwaji mafi girma ya zo a 1961. A lokacin masu hannun jari na Amurka ne suke da rinjaye a kamfanin, suka kuwa yanke shawarar a sallami ma'aikata wajen 1,200. Enrique ya riga ya san yana ɗauke da ciwon daji, gama tun 1957 likitoci suka gaya masa. Yana da mata da 'ya'ya tara, waɗansunsu ƙanana ƙwarai. In da akwai mutumin da ke da hujjar yin shiru ya riƙe kujerarsa, to, shi ne. Amma ya ƙi sa hannu. Ya tafi Amurka da ciwonsa, ya zauna da masu kamfanin, ya kawo musu hujjoji na lissafi da na imani: cewa waɗannan mutane gwanaye ne da aka yi shekaru ana horarwa, cewa faɗuwar ciniki mai wucewa ce, cewa kuma in an kore su shi ma zai ajiye aiki. Aka janye shawarar, mutanen suka ci gaba da aikinsu.

Ku tsaya ku yi lissafi, 'yan'uwa. Ma'aikaci 1,200, kowanne da mata da yara, wani da tsofaffin iyaye. Tukwane nawa ke nan da ba a sauke daga murhu ba saboda mutum ɗaya ya ji tsoron Allah fiye da tsoron rasa matsayi?

Maigida a cikin gidansa

Akwai mutanen da duniya take yabo, amma in ka tambayi matansu da 'ya'yansu sai su sunkuyar da kai. Manzo Bulus ya yi tambaya game da shugabannin Ikilisiya, cewa wanda ya kasa kula da gidansa, yaya zai kula da jama'ar Allah (1 Timoti 3:5). Shaidar da iyalin Enrique suka bayar ta yi daidai da ta ma'aikatansa. 'Ya'yansa sun tuna cewa yakan dawo daga aiki yana fito, su kuwa da sun ji sai su ruga su tarye shi. Yakan bar damuwar ofis a bakin ƙofa, ya shiga gida da fara'a, ya yi wasa da su, ya saurari kowanne. Yakan je Mas kowace rana ya karɓi Jibi Mai Tsarki, iyalin kuma sukan yi Rosari tare. Ya ɗauki aurensa da Cecilia a matsayin Sakramenti na gaske, watau hanyar da Allah ya ba su su kai juna sama. Bai yi rayuwar almubazzaranci ba ko da yake yana da hali, ya kuma koya wa yaransa su san cewa abin da ke hannunsu amana ce. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa maza ya zama Fada, ya yi shekaru masu yawa yana hidima a ƙasar Kenya, a nan nahiyarmu ta Afirka.

Daga bagade ne yake samun ƙarfin da yake kai wa masana'anta. Ya yi rubutu a kan dangantakar Yukaris da rayuwar shugaban kamfani, tunaninsa kuwa a fili yake: wanda ya durƙusa a layi ɗaya da leburansa, suka karɓi Jikin Kristi ɗaya, ba shi da ikon ya fita waje ya ɗauki wannan lebura kamar wani ƙarfe na inji.

Jinin ma'aikata

A 1962 ciwon ya ci ƙarfinsa, aka yi masa aiki, likitoci suka ce yana bukatar ƙarin jini. Da labari ya kai Berazategui, ma'aikata wajen 260 suka tafi asibiti suka yi layi domin su ba da jininsu. Ba wanda ya tilasta musu. Da ya ɗan sami sauƙi ya je ya yi musu godiya, ya gaya musu cewa yana farin ciki domin yanzu kusan dukan jinin da ke gudana a jikinsa jinin ma'aikata ne. Mutumin da ya so ya zama lebura yana saurayi aka hana shi, ga shi Allah ya cika masa burinsa ta hanyar da bai taɓa zato ba. Ya rasu ran 27 ga Agusta 1962.

Littafin Sirak, a sura 34, ya kwatanta wanda ya hana ma'aikaci ladansa da mai zub da jini. Manzo Yaƙub ya ce ladan da aka danne wa masu girbi yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji. Katekizim na Ikilisiyar Katolika ya lissafta zaluntar ma'aikaci a kan ladansa cikin zunuban da suke kuka zuwa sama, a jere ɗaya da jinin Habila. Akwai iyayen gida masu shan jinin ma'aikatansu. Ga wani maigida kuwa wanda ma'aikatansa suka kawo masa jininsu da hannunsu. Hausawa sun ce alheri gadon barci ne, sun kuma ce shaidar duniya ita ce ta lahira.

Abin da Ikilisiya ta ce

Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1964, Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar a sarari cewa dukan masu baftisma, kowane irin matsayi ko sana'a suke da ita, an kira su zuwa ga cikakken tsarki. Enrique bai rayu ya karanta wannan ba, amma ya riga ya aikata shi. An buɗe binciken rayuwarsa a Buenos Aires a zamanin da Kadinal Jorge Bergoglio yake Babban Bishop na birnin, aka tattara rubuce-rubucensa, aka saurari shaidu, aka kammala wannan mataki a 2013, aka aika da takardu Roma. Ran 24 ga Afrilu 2021 wannan Kadinal, wanda a lokacin ya zama Paparoma Francis, ya amince cewa Enrique Shaw ya yi rayuwar bangaskiya, da bege, da ƙauna a matsayi na jaruntaka, aka ba shi laƙabin Abin Girmamawa. Wannan mataki ne a kan hanyar da Ikilisiya take bi kafin ta kira mutum Mai Albarka, daga nan kuma Waliyyi.

Abin da ya shafe mu

Wataƙila wani zai ce, ni ba ni da masana'anta, wannan darasi na attajirai ne. Amma kaɗan ne a cikinmu waɗanda ba su da wani a ƙarƙashinsu. Mai gona yana da 'yan ƙwadago. Tela da makaniki da kafinta suna da yara masu koyon sana'a. Uwargida tana da yarinyar da ke taya ta aiki. Mai mota yana da direba, mai shago yana da yaron shago, shugaban makaranta yana da malamai, kwamitin majami'a ma yana da Katekis da mai gadi. Wanda aka ba mutum ɗaya, za a tambaye shi mutum ɗaya.

Na farko, mu biya lada a kan kari. Dokar Musa ta umarta a biya matalaucin ɗan ƙwadago a ranar da ya yi aiki, kafin rana ta faɗi, domin a kan wannan kuɗi ransa yake rataye (Maimaitawar Shari'a 24:14-15). Wanda ya ba da babban baiko ran Lahadi alhali yaron shagonsa yana bin sa albashin wata uku, bari ya fara zuwa ya biya bashin, sa'an nan ya kawo baikonsa.

Na biyu, mu san waɗanda suke yi mana aiki. Ka san sunan mahaifin yaron da ke koyon sana'a a wurinka? Kin san ko yarinyar da ke gidanki tana zuwa makaranta, ko an ba ta lokacin zuwa sujada? Ranar da ta yi zazzaɓi, asibitin da ake kai 'ya'yanki ake kai ta?

Na uku, sa'ad da kasuwa ta faɗi, kada korar na ƙasa ta zama abu na farko da za mu yi tunani. Wani lokaci ba makawa sai an rage, Ikilisiya kuwa ba ta ce mutum ya rushe sana'arsa ba. Amma Kirista yakan fara rage nasa jin daɗin, ya faɗa wa ma'aikatansa gaskiya, ya nemi kowace hanya, in kuma rabuwa ta zama dole, ya sallami mutum da haƙƙinsa cikakke da mutuncinsa.

Na huɗu, ku ma'aikata, adalci yana da hannu biyu. Waɗanda suka ba da jininsu a 1962 su ne waɗanda suka karɓi aikin da ba nasu ba a 1959. Mai satar lokaci, da mai ɗauke kayan aiki, da mai ha'inci in maigida ba ya nan, shi ma zai ba da lissafi.

Na biyar, ku tsofaffin sojoji da 'yan sanda da ke cikinmu, horon da kuka samu baiwa ce ga Ikilisiya. Kiyaye lokaci, da riƙon amana, da tsayawa a kan gaskiya ko da akwai haɗari, abubuwa ne da matasanmu suke bukatar gani a jikin dattijo. Tuɓe kaki ba shi ne ƙarshen hidima ba.

Na ƙarshe, ku magidanta, ku tambayi kanku: in yaranku sun ji motsinku a ƙofar gida, tarye ku suke yi, ko kuwa kowa neman wurin ɓuya yake yi?

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta

1. Me ya sa Fada Hillenbrand ya hana Enrique zama lebura? Wace gona ce Allah ya ba ni wadda nake rainawa?
2. Su wane ne suke ƙarƙashin ikona a gida, ko a gona, ko a wurin aiki? Akwai wanda yake bina haƙƙinsa yau?
3. Enrique ya sa matsayinsa cikin haɗari domin waɗansu. Wane abu ne nake tsoron rasawa har yakan sa in yi shiru a gaban zalunci?
4. Ta wace hanya Zumuntar Maza da Zumuntar Mata za su taimaki 'yan'uwa da suka rasa aiki a cikin Ikilisiyarmu?

Addu'a

Ya Allah Uba, mai kowa mai kome, kai ne ka ba bawanka Enrique zuciyar da ta ga fuskar Ɗanka a cikin ma'aikata. Ka ba masu dukiya a cikinmu tsoronka, ka ba masu iko tausayi, ka ba ma'aikata gaskiya da haƙuri, ka buɗe ƙofa ga marasa aikin yi. Ka albarkaci gidajenmu, ka sa iyaye maza su zama abin farin ciki ga matansu da 'ya'yansu. Ka ji ƙan sojojinmu da suka riga mu gidan gaskiya, ka ta'azantar da gwaurayensu da marayunsu. Sa'ad da ranar lissafi ta zo, ka same mu amintattu a kan abin da ka danƙa mana. Mun roƙa ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.